Darasi na Bakwai: Kula da Giyar Mota da Gyaranta

Injin mota yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, amma a lokacin tashi ba sauri taya take bukata ba, ƙarfi take bukata. Akwatin giya, wanda makanikai ke kira giyabos, shi ne ke tsakanin inji da tayoyi yana daidaita wannan al'amari: giya ta ɗaya tana ba da ƙarfi mai yawa da gudu kaɗan, ta huɗu da ta biyar kuma suna ba da gudu ba tare da inji ya wahala ba. Iri biyu ne suka fi yawa, wato manuwal, wadda direba ke taka kuloci ya sauya da hannunsa, da atomatik, wadda ke sauya kanta ta hanyar matsin mai da umarnin kwamfutar mota.

Rayuwar giya a cikin manta take. A manuwal, aikin mai shi ne hana haƙoran giya da boris cin juna, kuma yawanci mai ne mai kauri, irin wanda ake rubuta wa 75W-90 a jikin galan. A atomatik kuwa aikinsa ya fi haka nauyi, domin shi ne ke sanyaya giya, shi ne ke isar da ƙarfin inji, kuma matsinsa ne ke kama farantan da ke ciki a duk lokacin da giya za ta sauya. Saboda haka ba kowane jan mai ake zuba wa atomatik ba. Akwai Dexron, akwai Mercon, akwai WS na wasu motocin Toyota, sannan giya irin ta CVT, wato atomatik da ke sauya gudu a hankali ba tare da matakan giya ba, tana da nata na daban wanda ba a musanya shi da waɗannan. Littafin da kamfani ya haɗo da mota shi ne alƙali a nan, ba maganar mai sayar da mai ba, kuma shi ne zai faɗi lokacin canji, wanda a motoci da dama yakan faɗo tsakanin kilomita 50,000 da 100,000.

Idan za a duba man atomatik, sai a tsayar da mota a wuri mai daidaito bayan ta yi zafi, a ja birkin hannu, a sa giya a kan P, wato fakin. A mafi yawan motoci ana barin inji a kunne, sai dai wasu, kamar motocin Honda da yawa, ana kashe shi kafin a duba. A zaro sandar awon mai, a goge ta da farin ƙyalle mai tsabta, a mayar, a sake zarowa, sannan a karanta. Ba yawan man kaɗai ake kallo ba. Sabon mai yawanci ja ne garau. Idan ya koma baƙi-baƙi yana ƙauri, to giya ta sha zafi kuma farantanta sun fara ƙonewa. Idan kuma ya yi fari-fari kamar an gauraya shi da madara, alama ce ruwan lagireto ya shiga ta bututun da ke sanyaya man, kuma wannan mota bai kamata a ƙara tuƙa ta ba sai an gyara. Sababbin motoci da yawa ba su da wannan sanda, sai a gareji ake duba nasu.

Manuwal ta gefe ake duba ta, inda akwai kusar zuba mai, kuma man da ya cika yakan zo daidai bakin ramin. Mai son canza shi ya fara kwance wannan kusa kafin ta ƙasa, don kada ya tsiyaye tsohon mai sannan ya tarar ta sama ta ƙi kwancuwa. Kusar ƙasa sau da yawa tana da maganaɗisu: garin ƙarfe mai laushi a jikinta ba abin damuwa ba ne, amma gutsattsarin ƙarfe yana nufin wani abu ya karye a ciki. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita.

Halin direba ma yana kashe giya. Ɗora ƙafa a kan kuloci ana cikin tafiya yana cinye farantinsa, haka nan riƙe mota da kuloci a kan tudu maimakon birki. A atomatik, sa ribas kafin mota ta tsaya cak yana dukan kayan ciki, kuma jan ta da igiya zuwa nesa inji a kashe ɓarna ce babba, domin famfon da ke zagaya da mai ba ya aiki sai inji na juyawa. Ɗaukar ta a kan babbar mota ya fi.

Alamun lalacewa ba su da wuyar ganewa: inji yana kuka amma gudu ba ya ƙaruwa, giya tana jinkirin kamawa ko tana shiga da duka, tana gurnani wajen sauyawa, ko tana fita da kanta. A nan ne masu mota da yawa ke yin asara, domin da zarar an ce giya ce sai a yi gaggawar sauke ta, alhali sau da yawa matsalar ba ta kai can ba. Ƙarancin mai saboda yoyon sil (robar da ke hana mai fita), toshewar filta, mutuwar sansa (na'urar da ke aika wa kwamfutar mota bayani), ko iska a bututun man kuloci duk suna kawo irin waɗannan alamu, kuma yawanci ana gyara su giya tana nan a jikin mota. Ya kamata mai mota ya nemi a fara sa na'urar bincike ta kwamfuta, a duba mai da yoyo, a kuma gwada motar a hanya tare da makanike. Idan bayan haka ta tabbata sai an buɗe, to ya nemi a nuna masa kayan da aka cire, a rubuta masa irin man da aka zuba da adadin kilomitar da mota take kai a ranar, domin daga nan za a fara lissafin canji na gaba.