Yadda za ka tada dosiyen rauninka in ya kwanta a ofis

Aikin da na yi a soja rubutu ne. Sakatare nake a bariki har na aje kaki, shi ya sa yanzu abokan da muka yi aiki tare suke sallama a ƙofar gidana a unguwar Zariya, kowa da ledar takardunsa, wani daga Tasawa, wani daga Gidan Rumji ko Dakoro. Kukan duk iri ɗaya ne: an ji rauni a bakin aikin soja, an kai dosiyen neman fanshon rauni, shekara ta juyo, shiru. Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne, a cikin dosiyoyin da na gani, kaɗan ne aka ƙi. Yawancinsu tsayawa suka yi a wani teburi saboda takarda ɗaya ta rasa, kuma ba wanda zai bugo maka waya ya ce ga abin da ya rage.

A tsarin da muka gada daga Faransa, tambaya uku ake yi. Akwai rauni? Aikin soja ne ya jawo shi? Kashi nawa cikin 100 ya rage maka? Ta farko da ta uku lokotoro ne ke amsa su, ko yau aka duba ka za a gani. Ta biyu ce ke kashe mutane, don jiki ba ya faɗin inda aka ji ciwo. Takarda ce ke faɗa, kuma wadda aka rubuta a lokacin da abin ya faru.

Saboda haka kafin ka zargi kowa, zazzage ledar ka nemo rahoton da kwamandanka ya rubuta kan yadda abin ya auku, wanda ake kira rapport circonstancié, da shaidar cewa an shigar da raunin a littafin rajistar raunuka na rundunarka. In babu su, can ne matsalar take. Koma rundunar da kake a lokacin, ba wadda ka gama aiki a cikinta ba. In ba a taɓa rubutawa ba, tattaro duk abin da ke ɗauke da kwanan wata: takardar tura ka aiki, takardar kwantar da kai a asibiti da ta sallama, hoton ƙashi, da shaidar mutum biyu da kuke tare a ranar, a rubuce, da lambar aikinsu da sa hannu. Kada ka ji nauyin neman tsohon kapitan ɗinka. Ka ce masa, "Yallaɓai, ba kuɗi na zo nema ba, layi biyar nake so da hannunka." Ban cika ganin wanda ya ƙi ba.

Wanda harsashi ya sama a Bosso a Yunin 2016, ko a Inates a Disamban 2019, inda sojoji 71 suka rasu, nasa da ɗan sauƙi, ranar sananniya ce. Mai wahala shi ne wanda mota ta kife da su a sintiri wajen Madarunfa, ya miƙe ya kakkaɓe ƙura ya ce ba komai, sai bayan shekaru baya ya ƙi tanƙwaruwa. Haka wanda ƙarar bindiga ta cinye masa kunne a hankali. Sai kuma ciwon da ba mu son faɗa: mutum ba ya barci, a rufe ƙofa da ƙarfi ya zabura, ya daki yaro kan abin da bai kai ba, ya daina zama cikin mutane. A nan Maraɗi sai a ce iska ce ko sammu, a tafi wajen malam. Ban hana kowa addu'a da rubutun sha ba, ni ma ina sha. Amma malam ba ya buga hatimi. Je ka ga likitan ƙwaƙwalwa a babban asibiti, ka riƙa komawa, ka adana kowace takardar magani. Ciwon da aka bi shi da takarda shekara da shekaru, kwamitin likitoci ba ya iya cewa jiya ka ƙirƙiro shi.

Abu na gaba suna ne, kuma ka duba shi harafi bayan harafi. A takardar haihuwa Mahamadou, a katin soja Mahamane, a asibiti an rubuta Mamane. A wajenmu mutum ɗaya ne, a wajen mai biyan kuɗi mutum uku ne. Da yawa daga cikinmu ma ba mu da ranar haihuwa, sai "wajen shekara kaza" da alƙali ya yanke daga baya, to sai ka ga shekarar ta bambanta daga takarda zuwa takarda. Wannan a kotu ake gyara shi, nan cikin gari, kuma gara ka gyara tun dosiye bai bar Maraɗi ba, don in ya kai Yamai aka gano, dawo da shi za a yi ka sake bin layi.

Takardar asali ba ta barin hannunka. Yi hotokopi, kai ma'aikatar magajin gari ko wajen ƴan sanda a buga mata hatimin shaida. Duk inda ka miƙa dosiye, kada ka fita sai an ba ka shaidar karɓa mai lamba da kwanan wata, ko a buga hatimi a kan kwafinka. In an ce an tura gaba, tambayi lambar takardar rakiyar da aka tura shi da ita. Da wannan lambar ake neman dosiye. In ka je da sunanka kawai, "dawo mako mai zuwa" za ka ji.

Sayi ƙaramin littafi irin na ƴan makaranta. Duk zuwa ka rubuta rana, ofis, da abin da aka ce. Kuma daina tambayar "ina labarin dosiyena?", amsarta haƙuri ce. Tambayi a teburin wa yake, me ya rage a ciki, wa zai sa hannu bayan wannan. Gaida masinja da sakatare kamar yadda kake gaida mai anini, su suka san wace ƙura ke kan wane kwali. In wata biyu ko uku suka wuce ba motsi, rubuta takardar tuni, gajera, da ladabi, da lambobin nan a ciki, ita ma a buga maka shaidar karɓa. Faɗa a bakin ƙofa yana huce zuciya, amma ba ya shiga dosiye.

Yamai ta fi kilomita 600 daga nan, ga kuɗin mota ga masauki. Kada ka hau mota sai ka tabbata dosiyen yana can, ka kuma san wane ofis. Matakin tantance rauni na soja ne da likitocinsu, matakin biya kuma na asusun fansho ne, CARENI. Mutane da yawa suna zuwa na biyun alhali takardarsu ba ta bar na farko ba. In kana da ɗan'uwa amintacce a can, yi masa takardar wakilci. Ka kuma leƙa ofishin mazan jiya na jiha, ko ba komai za ka tarar da wanda ya riga ka bin hanyar.

Ranar da aka kira ka gaban kwamitin likitoci, bar jarumta a gida. An horar da mu mu ce "lafiya lau" ko jini na zuba, kuma da wannan lafiya lau ɗin ake rubuta wa mutum kashi kaɗan. Faɗi abin da ba ka iya yi: ba ka iya ruku'u, ba ka iya noma rabin wuni, ba ka jin kiran salla da kunnen hagu. Kada ka ƙara, kada ka rage. In sakamakon bai yi maka ba, ƙorafi yana da wa'adi, nemi mai sanin doka a makon nan. In ciwon ya tsananta daga baya, ana iya neman a sake dubawa.

Duk wanda ya ce ka turo jika ashirin ta waya yana da mutum a sama, rufe wayarka. Kuma kada ka ci bashi da sunan kuɗin baya da za a tara maka, na ga gonaki sun tafi a haka.

Masu riƙe da takardun uba ko miji da ya yi sojan Faransa, taku hanyar daban ce. Faransa ta daskarar da fanshon sojojin Afirka da dokar 1959, ba ta gama daidaita shi da na Faransawa ba sai 2011. Tarihin aikinsu yana ajiye a garin Pau na Faransa, kuma tunda aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, sai dai ta wasiƙa.

Sannan ka nuna wa uwargida inda ledar take, ka karanta mata littafin nan. In auren a masallaci kaɗai aka ɗaura shi, je ka yi takardar aure, ka yi wa kowane yaro ta haihuwa, don in ta Allah ta kasance dosiye bai fito ba, da su za a nemi haƙƙin iyali.