Ƙannena masu fita waje, ku duba wayoyinku tun kuna Damagaram

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan na ƙannena ne masu shirin fita, ko karatu ko neman na kai, da waɗanda suka sauka kwanan nan. Kowa tambayarshi rigar sanyi da kuɗin haya, ba mai tambayar waya, alhali can salular nan ita ce bironka ita ce bankinka, wani lokaci ma ita ce tikitin jirgin ƙasa.

Mu fara da pus, wato katin SIM, na gida don nan ne ake shan wuya. WhatsApp ɗinka da Facebook da Gmail da MyNita duk a lambar +227 suke ɗaure, ko ta Airtel ce ko Moov ko Zamani, ranar da ka canza waya kod zai tafi kan lambar nan ta SMS, kai kuma kana Lyon pus yana cikin akwatin Inna a Birni. Kuma pus in ya yi watanni ba kredi ba kira kamfani na iya rufe shi ya ba wani lambar, wannan ɗin yana saka WhatsApp sai ga baƙo cikin grup na gidanku yana jin sirrin dangi. To ko dai ka tafi da shi a rami na biyu, tunda Tecno da Itel da Infinix yawanci pus biyu suke ɗauka, amma ka biya ta ajans tukuna ka tambaya ko lambar za ta karɓi saƙo a ƙasar da za ka, ko kuma ka bar ma yaya ko ƙane mai amana yana sa mishi kredi ko na ɗari biyar ne jefi-jefi. In ka samu lambar can, cikin paramet na WhatsApp akwai wurin canza lamba, shi zai kwashe maka grup ɗinka gaba ɗaya, kada ka buɗe sabo. Ka sa kod ɗin tsaro mai lamba 6 ɗin nan kuma.

Sai adireshin mel. Wallahi da yawanmu yaron da ke gyaran waya a kasuwar Dole ne ya buɗe mana Gmail ranar da muka sayi wayar, ya danna-danna ya miƙo, ba mu san kalmar sirri ba har yau. Ka koma wurinshi kafin ka hau kar zuwa Yamai, in shi ma ya manta ku sake wata tun pus yana hannunka, ka rubuta a takarda ka sa cikin jakar fasfo. Can makaranta da banki da ofishin takardun zama duk ta mel suke magana, ba mai kiranka.

Ita kanta wayar a rage mata kaya. Bidiyon biki da wa'azi da kokowar takobi na shekaru sun cika memwar, ga aplikasiyon na goge-goge da wani ya tura maka ta Xender ba abin da suke sai talla da cin batiri. Ka kwashe hotuna zuwa kart memwar ko Google, ka goge sauran, in ka samu wifi ka yi mizajur na komai, don aplikasiyon na banki da yawa ba sa yarda da tsohon Android. Ni a ganina ba sai ka ci bashi ka sayi sabuwa ba in taka na ɗaukar 4G. Ƙaramar mai maɓalli dai bar ma Baba, a Faransa kamfanoni na kashe 2G da 3G sannu a hankali.

Sharjer ɗinmu mai baki biyu na shiga a Faransa da Beljiyam da Maroko da Turkiyya, Ingila da Saudiyya mai baki uku ne sai da adafta, Amurka da Kanada kuma wutarsu 120 ce, ka duba jikin sharjer in an rubuta 100 zuwa 240 ba matsala sai bakin. Pawa bank a jakar hannu ake sa shi ba a babban akwati ba, kuma wanda ya wuce kamar 27,000 mAh ana iya tsayar da kai a kanshi a filin jirgi.

Kowace ƙasa da halinta. Mai zuwa Turkiyya ya sani wayar da aka shigo da ita daga waje kwana 120 take aiki da pus ɗinsu, bayan nan rezo ya ɗauke sai an yi mata rajista, kuɗin rajistar kuwa ya fi kuɗin irin wayoyinmu nesa ba kusa ba, gara ka sayi wata can. Dubai kiran WhatsApp ba ya tafiya, saƙo da vokal kawai, mutane Botim suke sawa. Faransa biza ta dogon zama ta intanet ake tabbatar da ita cikin wata 3 da sauka, likita ta Doctolib, inshorar lafiya Ameli, tallafin haya CAF. Kamfanin waya Free na da forfe na yuro 2 a wata, yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, ka ga wajen jaka ɗaya da ɗari uku ke nan, amma sai da katin banki, kafin nan pus ɗin Lebara ko Lyca na kanti ya riƙe ka. Kuma saƙon da zai ce kayanka sun maƙale a gidan waya danna nan ka biya, 'yan damfara ne, kod ɗin banki ko wanda ya ce shi ma'aikacin banki ne ba a ba shi.

Aplikasiyon na salla ma a gyara mishi gari, in ba haka ba zai yi ta kiran magariba da lokacin Damagaram rana na sama, ga alƙibla da a Faransa ta karkata kudu maso gabas. Masallatai da yawa can suna cikin Mawaqit, aplikasiyon mai nuna lokutan salla, ka bi na unguwarku. Lahadin ƙarshe ta Maris suna ƙara awa ɗaya, ta ƙarshen Oktoba su mayar, wato da zafi sun riga gida da awa guda, da sanyi agogonmu ɗaya.

Duk ƙarshen wata ka buɗe banki ka ga me ake cire maka, gwajin kyauta ɗin nan da ka danna ka manta yana cin yuro goma-goma shiru. Kuma da ka samu sabuwar lamba ka sa wani a gida ya saka ma Inna ita da sunanka, don in ta ga +33 cewa za ta yi 'yan aljanu ne ta ƙi ɗauka.