Fim ɗin da ya dace da hoton hannu ba filasha

Ƴan'uwa masu ɗaukar hoto a Yamai, in za ku yi aiki cikin zaure ko rumfar kasuwa, kyamara a hannu ba filasha, ku bar fim mai ISO 100 ko 200 (ISO lamba ce da ke nuna saurin fim wajen kama haske, mai babbar lamba ya fi dacewa da wuri mai duhu). Ku nemi Kodak Ultramax 400 ko Portra 400, bayan magariba kuwa sai Portra 800.

Da gilashin kyamara mai 50mm kada saurin ɗauka ya yi ƙasa da 1/60 na daƙiƙa, in ba haka ba rawar hannu za ta dishe hoton. Ku buɗe ƙofar hasken gilashin zuwa f/2, ku manna gwiwar hannu a ƙirji. Fim mai launi irin waɗannan yana jure yawan haske amma ba ya jure ƙarancinsa, inuwa kan fito da tsaki-tsaki kamar ƙura. Shi ya sa na fi son a sa fim na 400 amma a saita ISO na kyamara a kan 200 don ya sami ƙarin haske, a auna hasken daga inuwar fuska.

Wankinsa C-41 ne, wato tsarin da aka saba wanke irin wannan fim da shi: a ruwan magani na farko, digiri 38, minti 3 da daƙiƙa 15. In dole ta sa kun ɗauki na 400 a kan 800, ku gaya wa mai wanki ya ƙara daƙiƙa 30.

Zafin Afrilu yana ɓata launi. Ku ajiye fim a firigo, ku fitar da shi awa 2 kafin buɗe gwangwanin, don kada ya yi raɓa.