Kafin ki saya wa ɗanki takalmi

Iyaye mata, don Allah mu daina gaggawar sa wa jariri takalmi. In bai fara tafiya ba, safa ta ishe shi. Ko ya fara, a cikin gida a bar ƙafarsa haka nan, yatsun su koyi riƙe ƙasa.

Ranar saye ki tafi da shi, a gwada yana tsaye, ƙafa biyun duka, don sau da yawa ɗaya ta ɗan fi girma. Danna gaban takalmin da babban yatsanki, ki ji sarari kamar santimita 1. Lanƙwasa shi da hannu, in ya ƙi, ajiye shi.

Duk wata 2 zuwa 3 ki sake dubawa. Yaro ba zai ce ya matse shi ba, sai dai ki ga dunduniyarsa ta yi ja.