Kafin ka ƙetare iyaka, ka zauna da mai binka bashi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu haramar tafiya Saudiyya ko Libiya neman kuɗi, ku sani barin ƙasa ba ya goge bashi.

In na banki ne, BVN ɗinka, lambar da ta haɗa duk asusunka na banki, na nan daram. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar, muddin ka sa hannu a takardar izinin cirar kuɗi da ake kira GSI lokacin karɓar rance, su ciro kuɗinsu daga asusunka ko da na wani banki ne. Sai ka sha wahala a Jidda, ka turo kuɗin siminti asusunka, kafin ƙaninka ya isa wurin mai POS a kasuwar Maigatari an kwashe. Ruwa kuma yana ta hawa.

Abin da ya fi ciwo, wanda ya tsaya maka shi za a taso a gaba. Sau da yawa kawu ne, dattijon da bai ci ko sisi ba, a kira shi gaban dagaci ko kotu. In gona ka jinginar, tana hannun mai kuɗi sai ran da ka fanshe ta.

Don haka ka je da ƙafarka, ka faɗi gaskiyar tafiyar. Ku rubuta nawa ya rage da nawa za ka riƙa turowa duk wata, da shaidu biyu, mai unguwa ya sani. Ka wakilta mutum ɗaya tak, kada ka rarraba. Duk biyan da ya yi, ya ɗauki hoton rasit ya turo maka ta WhatsApp.