Idan ƙaninka ya fara cewa duniya ita ce komai, ga yadda za ka zauna da shi

Toh jama'a, wannan zance ya fara shigowa wayoyin yaranmu a nan Bauchi, musamman 'yan jami'a, sai ka ji yaro yana cewa shi abin da ya yarda da shi kawai ƙasa ce da taurari da bishiyoyi, bayan su babu komai. Aƙidar ana ce mata fantiyizim, kuma dan Allah kafin ka ɗaga masa murya ka fara sanin me take cewa, don yawancinmu da mun ji sai mu ce ai bori ne, daga nan yaron ya gane ba ka san zancen ba ya toshe kunne.

Mai bori ya yarda da iskoki, su kuwa waɗannan ba aljani ba mala'ika ba lahira, ba wani Mahalicci mai jin addu'a, abin da kimiyya ta nuna shi suke girmamawa. Ƙungiyarsu da aka fi sani, World Pantheist Movement, wani marubuci ɗan Ingila mai suna Paul Harrison ya kafa ta a 1999, kafin ita akwai Universal Pantheist Society a Amurka tun 1975. Suna jingina da Spinoza, Bayahuden Amsterdam da mutanensa suka kora a 1656, shi ya ce Ubangiji da halitta abu ɗaya ne. Yaron zai jawo maka Einstein, kar ka ƙaryata, a 1929 ya faɗa cewa Ubangijin Spinoza ya yarda da shi. Kuma kar ka cakuɗa abin da wahdatul wujud, wato ɗayantakar samuwa, da ake dangantawa ga malamin Sufaye Ibn Arabi, waccan muhawara ce tsakanin masu sallah da suka yarda da wahayi.

Sai ka tambaye shi me ya ja shi, ka yi shiru ka saurara har ya gama. Sau da yawa mamakin halitta ne ya cika masa zuciya bai sami wanda zai faɗa wa ba. In da hali ku je Yankari tare, ku zauna bakin Wikki inda ruwan ke fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa kusan digiri 31 dare da rana, garau har kana ganin yashin ƙasa. A irin wurin nan magana ta fi shiga.

Inda yake da gaskiya ka ba shi. Sare daji da ake yi don gawayi ɓarna ce, ledar da ta toshe mana magudanai ɓarna ce, wallahi ni ma abin yana ci min rai. Masu wannan aƙidar suna raya 22 ga Afrilu a matsayin ranar kare muhallin duniya, suna son a binne mutum ba akwati mai ƙarfe ba sinadari, to ka nuna masa mu tuntuni likkafani ne da ƙasa.

Bayan nan ne za ka kawo inda kuka rabu, a hankali. Ku buɗe Suratul An'am aya 76 zuwa 79 ku karanta tare, inda Annabi Ibrahim (AS) ya dubi tauraro da wata da rana duk suka faɗi, ka tambaye shi abin da ke fitowa ya ɓace wa yake tafiyar da shi. Kar ka matsa sai ya amsa ranar. Kar kuma ka kai maganar gurup ɗin gida na WhatsApp a taru a kansa, in tambayoyinsa sun fi ƙarfinka ka nemi malami mai haƙuri wanda ya ɗan san falsafa ku je ku biyu kawai.