Yadda Ake Tsara Jirgin Yaƙi Mai Nutso Na Gazuwal Da Lantarki Har Ya Shekara 30 Yana Aiki

Nijar ba ta da teku, kuma babban ruwan da mutanen Yamai suka saba gani shi ne kogin da ke wucewa ta ƙarƙashin gadar Kennedy, amma duk ɗalibin kanikanci ko na lantarki da ya taɓa haɗa janareta da batura a gida ya riga ya san rabin aikin jirgin yaƙi mai nutso. Injin gazuwal ba ya tashi sai da iska, don haka a ƙarƙashin ruwa batura ne ke juya farfela, shi kuwa injin aikinsa ya cika su duk lokacin da aka samu iska.

Abin da ake fara tsaidawa shi ne zurfin da jirgin zai riƙa kaiwa, domin kowane mita 10 na ruwa yana ƙara nauyin kusan kilo 1 a kan kowace murabba'in santimita ta jikinsa, ke nan a mita 300 ana maganar kusan kilo 30. Shi ya sa ake yin gangar jikin a mulmule, a ɗaure ta da zobba na ƙarfe, a yi amfani da ƙarfe mai jure matsi irin HY-80, sannan a ɗauki hoton kowace walda don neman tsaga kafin a wuce gaba.

Daga nan sai lissafin nauyi. Ana gina manyan tankuna masu ƙofa a ƙasa da mafitar iska a sama. Idan za a nutse a buɗe mafitar ruwa ya shiga, idan za a taso a hura matsattsiyar iska ta kore shi. Inda aikin yake da wuya shi ne tsayawa a tsakiyar ruwa, domin nauyin jirgi yana canzawa kullum: ana cin abinci, ana ƙona mai, gishirin teku ma ba ɗaya ba ne ko'ina. A jirage da yawa ruwan teku ne ke shiga tankin mai ya maye gurbin man da aka ƙona, tun da gazuwal yana yawo a saman ruwa, kuma akwai ƙananan tankuna gaba da baya da ake tura ruwa tsakaninsu don kada hanci ko gindi ya rinjaya.

Mataki na uku, wanda a ganina shi ne ke mulkin sauran, shi ne batura. Jirgin Jamus samfurin 209, wanda kamfanin HDW na birnin Kiel ya fara miƙa wa Girka a 1971, kuma Masar da Afirka ta Kudu suke da shi, yana da injin gazuwal 4 da ɗiyan batir 480 a rukuni huɗu, waɗanda nauyinsu ya kai kusan kashi ɗaya bisa huɗu na jirgin. Ana jera su a can ƙasa don su hana shi kifewa. Idan kwamanda ya sake gudu iya ƙarfi, cajin ba ya wuce awa ɗaya zuwa biyu, amma idan ya tafi sannu a hankali yakan kwana biyu ko uku bai taso ba, kuma a wannan tafiyar ce da wuya maƙiyi ya ji motsinsa.

Sai bututun shaƙar iska, wanda ƴan Holan suka fara sa wa jiragensu gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Jirgi yana matsowa kusa da saman ruwa, ya miƙa bututun, a tada injuna. A bakinsa akwai murfi mai rufe kansa idan igiyar ruwa ta hau, kuma a ɗan wannan lokacin injuna suna zuƙe iskar cikin jirgi har kunnuwan ma'aikata su toshe. Dole a tsara fankokin da za su kwashe iskar haidurojin da batura ke fitarwa wajen caji, domin idan ta kai kashi 4 cikin 100 tana iya kamawa da wuta. Jirgin Ajantina mai suna San Juan ya ba da rahoton cewa ruwa ya shiga ta bututun ya kai ga batura kafin ya ɓace ranar 15 ga Nuwamba 2017 da mutum 44. Sai bayan shekara guda aka gano shi a zurfin kusan mita 900.

Tsawon rai kuwa tun a takardar zane ake shirya shi. Ana rubuta kowane nutso a littafi, saboda matsewa da sakewa suna gajiyar da ƙarfe, kuma jirgin da ya tsufa akan rage masa zurfin da aka yarda ya kai. Ana sauya batura bayan ƴan shekaru, sannan a tsakiyar rayuwarsa a fito da shi tudu, sau da yawa a yanka gangar jikin biyu, a cire injuna, a sake walda. Wannan gyara yakan ci shekaru, abin da ya sa ƙasar da ke son jirgi ɗaya a teku koyaushe takan sayi aƙalla uku, kamar Afirka ta Kudu da ta karɓi uku tsakanin 2005 da 2008.